Yadda ake ɗora bayanan lafiyar yara a kwamfuta ba tare da an taka doka ba

Wannan bayanin na wanda aka ɗora wa aikin kwashe fayil ɗin yara marasa lafiya daga takarda zuwa kwamfuta ne, ko wanda ya tarar an riga an sayi manhaja aka ce masa "to kai ne za ka kula da ita" alhali bai san ta ina zai kama ba. Aiki ne da na daɗe ina yi a ƙananan asibitoci da manya, kuma kusan ko'ina matsalar ɗaya ce, ana saita fayil ɗin yaro kamar na babba. Babba shi ke da fayil ɗinsa, shi ke ba da izini, shi ke neman kwafi, shike nan. Yaro kuwa fayil ɗin nasa ne amma wani ke riƙe masa makullin, kuma makullin nan yana canza hannu in yana girma. Jaririn kwana biyu da yarinya 'yar shekara 14 da saurayi ɗan 17 duk yara ne a takarda, amma in ka yi musu saiti ɗaya to ko dai ka taka doka ko ka cuci wani a cikinsu.

Abin da za ka tanada kafin ka taɓa kwamfuta

Dokokin ƙasarka guda uku, ainihin rubutunsu ba taƙaitawar da wani ya yi a Facebook ba: dokar kare bayanan mutane, dokar lafiya, da dokar haƙƙin yara. Ka haɗa da ƙa'idojin hukumar da ke ba likitoci lasisi, don maganar sirrin mara lafiya tana can ciki.

Sunayen duk ma'aikatan da ke taɓa fayil, tun daga ɗakin kati har mai karɓar kuɗi, da ɗaliban da ke zuwa koyon aiki, da yaron kamfani da ke zuwa gyaran kwamfuta, shi ne aka fi mantawa da shi.

Manhajar da ke iya abu uku: ta ba kowa asusunsa daban, ta raba wa kowa iyakar abin da zai gani, ta kuma rubuta sawun wanda ya buɗe wane fayil da ƙarfe nawa. In babu kuɗin sayen ta kamfani akwai na kyauta irin su OpenMRS da OpenEMR da Bahmni, suna da waɗannan abubuwan, sai dai kana buƙatar wanda ya iya girkawa. Manhajar da ba ta rubuta sawu kar ka saya ko da an ce rabin kuɗi.

Fom ɗin izini, faifan ajiya na waje guda biyu, kabad mai kulle, da littafin rajista mai lambar shafi. Kar ka raina littafin nan, ranar da wuta ko intanet suka ɗauke shi ne asibitin.

Sai mutum ɗaya da za a naɗa jami'in kare bayanai, da sunansa a rubuce. Ba kwamiti ba, mutum ɗaya wanda za a iya kira da tsakar dare.

Mataki na 1: Ka ciro amsoshi biyar daga doka ka rubuta su a shafi ɗaya

Ba sai ka haddace dokokin ba. Amsar tambaya biyar kake nema. A shekara nawa yaro ke zama babba? Daga shekara nawa zai iya amincewa da magani da kansa, kuma wane irin magani? Kwana nawa gare ka ka ba da kwafi in an nema? Awa nawa gare ka ka kai rahoto in bayanai sun fita? Shekara nawa za ka ajiye fayil?

Dalilin da ya sa nake cewa ka duba taka dokar shi ne amsoshin sun sha bamban sosai. A Afirka ta Kudu dokar yara ta 2005, sashe na 129, ta ba ɗan shekara 12 damar amincewa da magani da kansa in yana da hankalin fahimtar abin da za a yi masa, amma tiyata sai da taimakon iyaye. A Ingila ɗan 16 yana amincewa da kansa, wanda bai kai 16 ba kuma likita zai auna fahimtarsa, wannan ya samo asali ne daga hukuncin shari'ar Gillick a 1985. A Amurka dokar HIPAA ta 1996, wadda ke kare sirrin bayanan lafiya, ta ɗauki uwa ko uba a matsayin wakilin yaro, amma ta cire wasu wurare, kamar inda dokar jiha ta ba yaron damar neman wani magani shi kaɗai, ko inda iyayen suka yarda likita ya riƙe sirrin yaron, ko inda likita ke da hujjar zargin cewa uban ko uwar ne ke cutar da shi. Wa'adi ma haka, HIPAA ta ba da kwana 30 na ba da kwafi, dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai GDPR da ta fara aiki 25 ga Mayu 2018 ta ba da wata ɗaya.

Ga kuskuren da sababbin shiga ke yi a nan. Izinin yi wa yaro magani daban, izinin sarrafa bayanansa daban. Za ka ji wani ya ce ai GDPR ta ce sai shekara 16, to sashe na 8 da yake nufi yana magana ne kan manhajoji da shafukan intanet da yaro zai yi rajista da kansa, ƙasa kuma tana iya saukewa har 13, ba kan likita ya rubuta abin da ya gani a fayil ba. Bayanan lafiya suna sashe na 9, cikin bayanai masu tsananin sirri, kuma an yarda a sarrafa su domin jinya in ma'aikacin yana ƙarƙashin wajibin riƙe sirri. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ita ma a sashe na 31 ta ce a nemi izinin iyaye ko mariƙi kan bayanan yaro, sannan ta cire inda ran yaron ke cikin haɗari da inda ƙwararre mai wajibin sirri ke kula da lafiyarsa. A aikace kenan ba ka tsayar da yaron da ke suma a ƙofa don uba bai sa hannu a fom ɗin kwamfuta ba. A fara ceton rai, takarda ta biyo baya.

In dokar ƙasarka ba ta ce komai ba kan wata tambaya, ka ɗauki mafi tsaurin abin da ka gani a wasu wurare ka mai da shi ƙa'idar asibitin, shugaba ya sa hannu, lauya ya duba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 za ta ba ka madogara, sashe na 3 maslahar yaro, na 12 jin ta bakinsa, na 16 sirrinsa.

Mataki na 2: Ka bi fayil ɗin yaro ɗaya da ƙafarka

Ɗauki takarda ka bi yaro ɗaya tun daga yankar kati har ya fita. Wa ya rubuta sunansa, ina sakamakon gwajin jini ya bi kafin ya iso wurin likita, wa ke ganin rasit, shin sunan cutar yana fitowa a kan rasit ɗin, wace kwamfuta ce sikirin ɗinta ke fuskantar layin masu jira. A nan za ka gano ainihin inda bayanai ke zuba, kuma yawanci ba masu kutse ba ne, firinta ce a baranda da kowa ke ɗaukar takarda a kanta, ko gurup ɗin WhatsApp na ma'aikata inda ake tura hoton sakamako da cikakken suna. Wannan zagayen shi ne tushen abin da dokoki ke kira tantance haɗarin sarrafa bayanai, GDPR ta wajabta shi a sashe na 35 ga masu sarrafa bayanan lafiya masu yawa. Ka rubuta abin da ka gani, da abin da za ka gyara, da ranar gyaran, ka adana.

Mataki na 3: Rajista, wa ya kawo yaron kuma wa ke da iko a kansa

Waɗannan gurabe biyu ne daban a manhaja, kar ka yarda a haɗe su. Wanda ya kawo yaro yau yana iya zama kaka ko yaya ko malamin makaranta ko maƙwabci, wannan ba ya ba shi ikon karanta fayil. Gurbin mai iko ya ƙunshi suna, dangantaka, shaidar da aka gani, ranar da aka gani, da sunan ma'aikacin da ya gani. In mariƙi ne ko hukumar kula da yara, ka sa kwafin takardar kotu a fayil.

Iyayen da suka rabu su ne wurin da ma'aikacin ɗakin kati ke shiga tsaka mai wuya. Uwa za ta ce kar a nuna wa uban komai, uban ya zo gobe ya ce ɗansa ne. Kai ba alƙali ba ne, maganar baki ba ta cire wa uba ko uwa haƙƙi, takardar kotu ce ke cirewa, ko shawarar likita in akwai zargin cutarwa. Amma fa ka lura da wani abu da ke kashe mutane, adireshi. Matar da ta gudu da yaranta daga mai dukanta, in ka buga wa mijin shafin farko na fayil ɗin yaron to ka ba shi sabon adireshinta da lambar wayarta. Don haka duk kwafin da zai fita zuwa ga ɗaya daga cikin iyaye a cire adireshi da waya na ɗayan, ko da ba ka ji labarin wata rigima ba.

Fom ɗin izini kuma ka raba shi gida-gida. Jinya gurbinta daban, tura saƙon waya daban, ɗaukar hoto don koyarwa daban, bincike daban, kuma kar a sa alamar "na yarda" tun kafin mutum ya karanta. Wanda ya ƙi yarda da bincike ba a hana ɗansa magani. In mai sa hannu bai iya karatu ba a karanta masa da harshen da yake ji, a rubuta wanda ya karanta da wanda ya shaida. Yaron da ya yi wayo shi ma a yi masa bayani da kalmomin da zai gane.

Mataki na 4: Kowa da asusunsa, kowa da iyakarsa

Asusu ɗaya mai suna "nas" da mutum goma ke shiga da shi, da kalmar sirri a manne a jikin sikirin, wannan kaɗai ya rushe duk sauran aikin, don ranar da aka buɗe fayil ɗin da bai kamata ba babu wanda za ka tambaya. Kowa da nasa. Wanda ya bar aiki a rufe nasa ranar da ya tafi ba ƙarshen wata ba. Ɗalibai a sa wa nasu asusun ranar rufewa tun ranar buɗewa.

Sannan ka raba iyaka. Ɗakin kati suna ganin suna da ranar haihuwa da ranar ganin likita, ba sa ganin bayanin cuta. Mai karɓar kuɗi yana ganin lissafi. Mai ba da magani yana ganin magani da nauyin yaro da abin da jikinsa ba ya so, nauyin nan dole ne don da shi ake auna maganin yara. Likita da nas na sashen suna ganin fayil ɗin yaran da ke hannunsu. Ka bar ƙofar gaggawa, wato likitan da ba nasa ba ne yaron zai iya buɗewa amma sai ya rubuta dalili, kuma saƙo ya zo maka. In ka tsaurara har babu wannan ƙofar, ma'aikata za su koma aron asusun juna ne kawai, ka dawo gidan jiya.

Sikirin ya riƙa kulle kansa bayan 'yan mintoci. Masu shiga daga waje su yi amfani da lamba ta biyu da ake turowa waya.

Maganar hoto. Likita zai so ya nuna wa na gaba da shi ƙurajen jikin yaro, buƙata ce ta gaskiya, hana shi ba zai yi aiki ba. Amma hoton da aka ɗauka da wayar mutum yana hawa Google Photos ko iCloud da kansa, yaran gidansa suna wasa da wayar da daddare. Mafita ita ce wayar asibiti guda ɗaya a sashen, a ɗauka babu fuska in zai yiwu, babu suna sai lambar fayil, a ɗora a manhaja a goge daga wayar nan take.

Mataki na 5: Tsanin shekaru, nan ne ainihin aikin

In asibitin yana ba iyaye damar ganin fayil ta waya ko shafin intanet, ka buɗe wa uwa ko uba asusu da sunansu a matsayin wakili, a liƙa shi da fayil ɗin yaron. Kar ka buɗe asusu da sunan yaron ka miƙa wa iyaye kalmar sirri, don ranar da ya girma ba za ka iya raba su ba, kuma ba za ka taɓa sanin wa ke karantawa ba.

Ka yi hawa uku. Hawa na farko ƙuruciya, wakili yana ganin kusan komai. Hawa na biyu shekarun balaga, wakili yana ganin allurar rigakafi da ranar ganin likita da abin da jikin yaro ba ya so, sauran kuma sai da yardar yaron ko shawarar likita. Hawa na uku ya zama babba, asusun wakili ya yanke da kansa, sai in shi ya sake ba da izini ko akwai takardar da ta nuna ba zai iya kula da kansa ba. Shekarun da za ka sa a kowane hawa daga shafin nan na mataki na 1 za ka ɗauko. Don ka ga yadda wasu suka yi, a Ostiraliya tsarin fayil ɗin lafiya na intanet na ƙasar, My Health Record, yana cire iyaye da kansa ranar da yaro ya cika 14, a Ingila kuma likitocin unguwa kan sake duba damar iyaye a shekara 11 ta yanke a 16.

Wasu iyayen suna jin haushin wannan, kuma ina fahimtarsu, ɗansu ne su ke biyan kuɗi su ke kwana a bakin gado. Amma ka tuna dalilin. Yarinyar da wani a gidan ke lalata da ita, ko yaron da ya fara shan ƙwaya, ko wanda ke tunanin kashe kansa, in sun san duk abin da suka faɗa zai fito a wayar gida cikin awa ɗaya to ba za su faɗa ba, likita kuma ba ya maganin abin da bai ji ba. Ba wai an ɓoye wa iyaye har abada ba ne, likitan kirki yana lallashin yaron a kira iyayen a zauna, in kuma rai na cikin haɗari ko akwai cin zarafi to doka a wurare da yawa ta tilasta masa ya sanar da hukuma, kuma ya kamata a gaya wa yaron wannan iyakar tun farkon zama. Abin da ake gudu shi ne manhaja ta tona kafin mutum ya yi magana.

Kuma tana tonawa ta hanyoyin da ba ka zata ba. Ka ɓoye rubutun likita amma jerin magunguna ya nuna maganin, ko sakamakon gwajin ciki ya hau da kansa, ko saƙon tuni ya tafi lambar uba yana cewa gobe akwai ganin likitan ƙwaƙwalwa, ko takardar kuɗin inshora ta lissafa komai. Amurka ta ga wannan sosai bayan ƙa'idar hana toshe bayanai ta dokar Cures ta 2016, wadda ta hana a riƙe wa mara lafiya bayanansa, ta fara aiki 5 ga Afrilu 2021, sakamako ya riƙa isa wayar mutane nan take, asibitocin yara suka koma gyara saitinsu na matasa. Don haka ka ƙirƙiri yarinyar bogi 'yar shekara 15 a manhajar, ka sa mata gwaji da magani da ranar dawowa a ɓangaren sirri, wato inda wakili ba ya gani, sannan ka shiga da asusun uban bogi ka duba ko'ina, har saƙon waya da rasit. Duk lokacin da kamfani ya sabunta manhaja ka maimaita gwajin nan, sabuntawa tana iya mai da saiti yadda ya zo daga kamfani.

In manhajarka ba ta iya yanke wakili da kanta, farkon kowane wata ka fitar da jerin yaran da za su cika shekarun hawa a watan ka gyara da hannu. In ba ta da ɓangaren sirri sam, to kar ka buɗe wa iyayen matasa damar intanet, su zo su nemi kwafi a duba a ba su.

Mataki na 6: Fayil ɗin jariri

Gajere ne amma kar ka tsallake. Fayil ɗin jariri cike yake da bayanan uwarsa, sakamakon gwajin HIV ɗinta, cikin da ta taɓa yi a baya, magungunan da take sha. Duk wanda ke da ikon ganin fayil ɗin jaririn zai gani, shi ma jaririn zai gani in ya girma. Ka sa abin da likitan yara ke buƙata kawai, sauran ya zauna a fayil ɗin uwar a haɗa su da lamba. Tagwaye kuma kowa da lambarsa tun minti na farko, sunansu kusan ɗaya ranar haihuwa ɗaya, manhaja tana son haɗe su ta ce mutum ɗaya ne.

Mataki na 7: Kamfani, kulle da ajiya

Kamfanin da ke riƙe muku bayanai aiki yake muku, alhakin yana kanku. Yarjejeniya ta faɗi a rubuce a wace ƙasa bayanan suke zaune, don dokoki da yawa sun sa sharaɗi kan fitar da su waje, su wa ke iya buɗewa a wurinsu, cikin awa nawa za su gaya muku in an yi kutse, ba za su sayar ko su horar da wata manhaja da bayanan yaran ba, kuma ranar rabuwa za su dawo muku da komai a tsarin da wata manhajar za ta iya karantawa. Wannan na ƙarshen shi ake kuka da shi daga baya.

Kowace kwamfuta da faifan ajiya a kulle su irin kullen da ko ɓarawo ya ɗauke ba zai karanta ba, Windows na da BitLocker, Mac na da FileVault, VeraCrypt kuma kyauta ne. Kwafin ajiya biyu, ɗaya a cire shi daga layi a kai wani gini, don masu kutsen neman fansa suna kulle duk abin da ke jone. A watan Mayu 2021 hukumar lafiya ta ƙasar Ayalan ta kashe kwamfutocinta a faɗin ƙasar saboda irin wannan harin, asibitoci suka koma biro da takarda, an ɗauki watanni kafin a gama farfaɗowa, kuma mafarin abin wani fayil ɗin Excel ne da ma'aikaci ya buɗe daga imel. Ka riƙa gwada dawo da kwafin lokaci-lokaci, da yawa sai ranar buƙata suke gane faifan babu komai a ciki.

Mataki na 8: Duba sawu

Kowane mako ka ware awa ɗaya. Abin da kake nema: fayil ɗin da aka buɗe alhali yaron bai zo ba, ma'aikacin da sunan gidansu ko adireshinsa ya yi daidai da na yaron, fayil ɗin ɗan wani sananne ko yaron da labarinsa ya fito a kafafen labarai, da asusun da ya buɗe fayil masu yawa cikin ɗan lokaci. Ka sanar da ma'aikata cewa kana dubawa, rabin amfanin a nan yake. Ma'aikaciyar da ɗanta ke kwance ita ma ta nemi bayani ta hanyar da kowace uwa ke bi, ba da asusun aikinta ba.

Mataki na 9: In an zo neman kwafi

A rubuce, da shaidar mutum, ka duba gurbin mai iko, ka duba hawan shekarun yaron, likita ya karanta kafin ya fita a cire bayanan wasu mutane da na ɓangaren sirri, ka rubuta a rajista me aka ba wa ranar nawa. Makaranta ba ta buƙatar fayil, takardar rigakafi ko shaidar hutun jinya ta ishe ta. Jami'in tsaro ko lauya ya kawo takardar kotu ko sashen dokar da ya ba shi dama, kaki ba izini ba ne. Masu bincike kuma sai da amincewar kwamitin ɗa'a, kuma goge suna kaɗai bai isa ba, HIPAA ta lissafa abubuwa 18 da ake cirewa, ciki har da cikakkiyar ranar haihuwa da lambar fayil da hoton fuska da lambar waya. Yaro mai cutar da ba a cika samu ba ma ko an cire duka ana iya gane shi, irin nasa sai an ƙara lura.

Mataki na 10: Tsawon ajiya

Fayil ɗin yaro ya fi na babba daɗewa, don a wurare da yawa wa'adin kai ƙara ba ya fara ƙirguwa sai ya girma. Ƙa'idar hukumar lafiya ta Ingila ta ce a ajiye fayil ɗin asibiti na yaro har ya cika 25, ko 26 in yana 17 lokacin da aka gama jinyar. Takardun da ka kwafa zuwa kwamfuta kar ka lalata su sai wani ya duba ya tabbatar kowane shafi ya hau kuma yana karantuwa. Tsohuwar kwamfuta kuma kafin a sayar ko a kyautar a cire faifan a lalata shi, gogewa kawai ba ta cire bayanan gaba ɗaya.

Mataki na 11: Ranar da bayanai suka fita

Za ta zo, ko laptop ta ɓata, ko a tura sakamako lambar da ba ita ba, ko kutse. Ka rubuta tsarin tun yau ka manna a ofis. Da farko tsayar da zubar, a cire kwamfutar daga layi amma kar a goge ta kar a sake girka ta don shaida tana ciki, a canza kalmomin sirri. Rubuta lokacin da aka gano, don daga nan agogo ke farawa. GDPR a sashe na 33 da dokar Najeriya ta 2023 a sashe na 40 duk awa 72 suka ba da na sanar da hukumar kare bayanai in abin zai iya cutar da mutane, HIPAA kuma ta ce a sanar da waɗanda abin ya shafa ba tare da jinkiri ba, kar a wuce kwana 60. Awa 72 har da ranakun hutu, kuma ba sai ka gama bincike ba, ka kai abin da ka sani ka ƙara daga baya. Kar ka tsoratar da ma'aikaci mai kawo rahoton kuskurensa, in ka wulaƙanta na farko na biyu zai yi shiru har wa'adi ya wuce.

Ɓoyewa kuwa ba ta tsirar da kowa. Cibiyar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta Vastaamo a Finlan an sace bayanan dubban marasa lafiyarta, abin ya fito fili a 2020 lokacin da mai kutsen ya fara aika wa mutanen saƙo ɗaya bayan ɗaya yana neman kuɗi ko ya wallafa abin da suka faɗa wa likitansu, a 2021 kamfanin ya durƙushe.

Takardar sanar da iyali ta faɗi me ya faru, yaushe, wane irin bayani ya fita, me kuka yi, me za su yi, da lambar wanda za su kira. Kafin ka aika ka raba jerin sunayen gida biyu ka zauna da likita a kan na matasa. In abin da ya fita daga ɓangaren sirri ne na ɗan shekara 16, shi ake fara kira ta lambar da ya bayar da kansa, a tambaye shi yadda yake so a sanar da gida, takardar da za ta je wa iyaye kuma kar ta ambaci sashen da ya je ko gwajin da aka yi masa.